Audugar Inna Kulu da Ƙafar Kumatu

Ku ajiye wayoyin nan tukuna. Tun da kunka shigo rumfar nan ɗayanku ke nuna mini hoton wani yaro yana watsa wa zomaye ganye yana dariya, wai sana'ar ke nan, ka watsa ganye ka tafi yawonka. To madalla. Ni Isa nake, Mai Zomaye ake ce mini a nan Ƙaura, na fi shekara talatin cikin kashin zomo da na ɓeran masar, kuma har gobe ban taɓa ɗaga murfin keji da safe gabana bai faɗi ba. Kun ce na koya muku. Zan koya muku, amma sai kun ji labarin dabbar da ta fi kowace ba ni tsoro, wadda duk girmanta bai wuce babban yatsana ba.

Aikin farko da maigidana ya sa ni shi ne shinshina. Malam Ɗanbaba sunanshi, Allah ya jiƙan shi, tsohon ma'aikacin reluwe ne, kejinshi na bayan tashar jirgi. Na je da zumuɗina ina jiran a miƙo mini zomo na riƙe, sai ya miƙo mini tsintsiya da tsohon faranti. Wata uku ina kwashe shimfiɗa, kuma duk wadda na kwaso sai ya ce, "Kai hancinka. Mi ka ji?" In na ce ban ji komi ba, ya ce to hancin nawa na ado ne, na koma na sake. A hankali na fara rarrabe warin fitsarin lafiya da na ciwo, da warin ciyawar da ta fara ruɓa tun ido bai gani ba. Kullum maganarshi guda ce, abu uku ke kashe ƙaramar dabba a hannun mai ita, inda take kwana, da abin da take sha, da abin da take ci. Kayan aikin da ya bar mini ga su nan rataye, filaya, da almakashin yanka waya, da rariya, da matsefatar cire ƙaya. Ba wani abin a zo a gani ba ne, ragowar aikin ido da hanci ke yin shi.

Hancin nan kuwa na taɓa saɓa mishi, na kuma ji a jikina. Shekarar da anka rufe kasuwannin mako, anka yanke layin waya, ku kanku kun tuna. Da can ina kai zomaye Shinkafi da Zurmi, ina yankan ciyawa ta hanyar Kurya Madaro. Shekarar nan ba mai fita bayan gari da lauje sai wanda ya gaji da ranshi. Harawa ta ƙare, dusa ta ƙare, na shiga wani sito na ɗauko buhun dawa. Da na kwance bakinshi na ji wani wari kamar na tafarnuwa, na san ƙwayar maganin ƙwari ce anka jefa ciki, amma na ce da kaina ai an daɗe, ƙarfinta ya fita. Ban shanya ba, ban wanke ba, na zuba musu. Wayewar gari sai da na kwashe gawarwaki da baro, fiye da rabin abin da na tara. Tun daga ranar ba na ba dabbata hatsin buhu. Zangarniya nake saye, daga rumbun manomin da na san shi na san ubanshi, na sussuke da hannuna.

To, ana nan bayan abin ya ɗan lafa, wata safiya cikin bazara sai ga Malam Sa'adu ya yi sallama a rumfar nan. Malamin makaranta ne, mutumin Birnin Tsaba ta ƙasar Zurmi, sun taso da iyalinshi sun kama haya a nan Ƙaura. Yana riƙe da wani ɗan akwatin roba, ya lulluɓe shi da rawani. Bayan mun gaisa ya buɗe. Na leƙa na ga auduga cike, can cikinta wani ɗan abu toka-toka da baƙin layi a gadon baya, ba wutsiya, ido kamar ƙwayar barkono.

Na ce, "Malam, ɗan ɓera ka kawo mini?"

Ya ce, "Hamsta ake ce mishi, ƙaramin iri. Kawun ɗiyata ya zo mata da shi daga Abuja shekaranjiya, ya koma. Dubi kumatunshi, Malam Isa, tun jiya sunka kumbura. Ko hangum ne?"

Wallahi ni ma abin da na zata ke nan. Kumatun sun yi suntum har kafaɗa. Ina cikin tunanin ta inda zan fara, sai abin nan ya sa hannuwa biyu ya matsa fuskarshi, ya amayo gero busasshe ya kai cokali, ya tura ƙarƙashin audugar. Ashe jaka gare shi a baki, rumbu yake yi. Munka yi dariya, amma dariyar Malam ba ta kai ciki ba. Ya gyara zama ya rage murya.

Ya ce, "Malam Isa, ba don dabbar na zo ba. Ranar da ɓarayin daji sunka shiga garinmu, ɗiyata Ramlatu na riƙe da igiyar akuyarta, wadda ta raina da kwalba tun da uwar akuyar ta mutu. Daga hannunta sunka fizge igiyar. Shekararta tara, da can surutunta har ciwon kai yake sa ni, amma tun ranar daga i sai a'a. Shekaranjiya da ta ga abin nan yana cusa gero a baki ta yi dariya, har ta sa mishi suna Kumatu. In wannan ma ya mutu a hannunta, ban san yadda zan yi da ita ba."

Na ji kamar na ce ya ɗauki kayanshi ya yi gaba. Ban taɓa ganin irin dabbar ba, ban san cinta ba, ban san shanta ba, ga zafin Ƙaura da ke kashe zomo ƙato. Tsoro ya kama ni, gaskiya ke nan. Amma mutum ya zo har rumfarka da irin wannan magana, da wane baki za ka ce a'a? Na ce ya bar mini zuwa la'asar.

Na nufi wurin malamin dabbobi na nan garin, abokina ne. Ya leƙa akwatin ya ce shi shanu da awaki ya karanta, kada na ɗora mishi jakar tsaba. Sai dai ya haɗa ni da wata likita a Sakkwato ta waya, Allah ya saka wa baiwar Allah nan. Tambayarta ta farko, a kan mi yake kwance? Na ce auduga, mai laushi, sabuwa. Ta ce, "Baba, cire ta yanzu, kafin mu ci gaba da magana." Ta ce silin auduga ba ya tsinkewa, yana naɗe ƙafa kamar tarko har jini ya daina zuwa, in kuwa ya cusa ta a kumatu ya haɗiye, ta toshe hanji. Ta hana garin katako na wurin kafinta, don ƙura da maganin gara. Ta hana kayan zaƙi, wai irinsu ciwon suga ke kama su da wuri. Da za mu yi sallama ta ce, "Ka kuma sani, komi kyawun riƙo, shekara biyu suke yi, ko da ɗan ɗori." Na faɗa wa Malam Sa'adu wannan a keɓe. Ya ce kada na bari yarinyar ta ji.

Gidan da na haɗa wa Kumatu, ku buɗe kunne, don nan aikin yake. Kejin zomo bai yi ba, ta ramin wayar zai fice, kuma ƙasan waya karya musu ƙafa yake. Bahon roba na samo mai zurfi da faɗi, na yi mishi murfi da ragar taga mai ƙananan ido, na ɗaure da waya. Shimfiɗa kuwa tishu fari mara ƙamshi, munka yayyage shi ƙanana, na haɗa da ciyawa mai laushi wadda na shanya kwana biyu na kakkaɓe, na tara ya kai taƙi guda, don dabba ce mai haƙa rami. Na gwada wa Ramlatu tishun a zauren gidansu, na jiƙa shi da ruwa ya narke, na jiƙa audugar na ja ta ƙi tsinkewa. Ta kalla, ta gyaɗa kai. Na ɗebo yashin gulbi na tankaɗe da rariya, na wanke, na soya shi a kasko ya huce, na zuba a murfin kwano, a ciki yake birgima, wankanshi ke nan, ba a sa mishi ruwa a jiki. Saboda zafi na kifa mishi ƙaramar tukunyar ƙasa da na fasa wa baki, ya riƙa shiga yana jin sanyinta.

Sai wurin ajiyewa. Malam ya yi mini iso na shiga gidan. Ɗakin uwar yarinyar rufin kwano ne, ga turaren wuta, ga maganin sauro da ake fesawa, na ce a'a. Can ƙurya akwai wani ɗakin ƙasa mai rufin azara, da randa a kan jiƙaƙƙen yashi, kana shiga ka ji sanyi. Ɗakin mahaifiyar Malam ne, Inna Kulu, tsohuwa tukuf, a nan Ramlatu ke kwana. Na durƙusa daga bakin ƙofa na gaishe ta, ta amsa, tana zaune da mazari tana kaɗi. Na ajiye bahon kusa da randar na fito. A tsakar gida na tara Malam da matarshi da yarinyar na karanta musu doka. Gero da dawa daga zangarniyar da zan riƙa kawowa, cokali ɗaya a yini. Ɗan riɗi, ƙwayar kabewa, gyaɗa ɗanya guda ɗaya a mako. Yankin kokwamba kamar farce, in bai cinye ba a cire kafin ya lalace. Farin dafaffen ƙwai kaɗan wani lokaci. Ba albasa, ba tafarnuwa, ba yaji, ba lemo, ba ɗanyen wake, ba dabino, ba rake. Auduga kuwa ko silinta. Kowa ya ce ya ji. Tsohuwa ban faɗa mata komi ba. Ta haife ni, ina ni ina kafa mata doka a ɗakinta? Na ɗauka ɗanta zai faɗa mata, shi kuma ya ɗauka ba ruwanta da wani ɓera.

Kwana huɗu da haka Malam ya zo mini a guje kafin ya tafi makaranta, ya ce Kumatu ya kwanta ba ya motsi. Na zari takalmi. Na tarar da shi a bakin tukunya ya yi laƙwas, ido a lumshe, na kama fatar wuyanshi na ɗaga, ta tsaya a tsaye ta ƙi komawa. Ƙishirwa ce. Malam ya ce ba zai yiwu ba, ga kwalbarshi nan cike. Kwalbar da kawun ya kawo ce, mai bututun ƙarfe da ɗan ƙwallo a baki, dabba ta lasa ruwa ya ɗigo. Na sa yatsa na taɓa bakin, ƙayau. Ruwan rijiyar unguwar mai gishiri ne, ya bar farin abu ya liƙe ƙwallon. Kwana nawa bawan Allah yana lasar ƙarfe, su kuma suna ganin kwalba cike suna murna. Na ɗiga mishi ruwa da sirinji mara allura a gefen baki, ɗigo ɗaya na jira, ɗigo ɗaya na jira, don in ka matsa da yawa ya shiga huhu an gama. Ramlatu na tsugune a gefena ko ƙiftawa ba ta yi. Sai wajen hantsi ya ɗaga kai ya kama kokwamba. Daga ranar munka koma tafasasshen ruwan leda, na ƙara mishi ruwa a murfin kwalba da ɗan dutse a ciki don kada ya kife, na kuma nuna wa yarinyar ta taɓa bakin bututun kowace safiya ta ga yatsanta ya jiƙe. Kun ji ko? Kada wanda ya sake ce mini ai kwalba cike take.

Bazara ta wuce ina zuwa duk Jumma'a da zangarniya, ina kwana da fargaba ina tashi da ita. In anka ɗauke iska rana ta buɗe, ina nan cikin zomayena amma hankalina na kan bahon can. Damina ta sauka, na ɗan saki jiki. Cikin marka, wata Jumma'a ina canza shimfiɗar lungun da yake fitsari, sai na ga fari-fari a cikin sheƙarshi. Na jawo, auduga. Raina ya ɓaci. Na fita tsakar gida na yi faɗa, na manta a gidan mutane nake. Uwar ta rantse ba ita ba, Malam ya ce ko daga katifa ya jawo. Dabbar da ke cikin baho da murfi, ta ina? Na juya ga Ramlatu na ce, "Ke ce?" Ta girgiza kai, hawaye ya cika mata ido. Na zarge ta a raina, Allah ya yafe mini, na ce yarinta ce, tausayi ya sa ta. Tsohuwa na ɗakinta, kunnenta ya yi nauyi, ba ta ji abin da ake yi ba, ni kuma ko sau ɗaya tunanina bai je kanta ba.

Ranar Talata da sassafe ina share rumfa, na ɗaga kai na ga Ramlatu tsaye, ita kaɗai, ba takalmi, hijabinta a karkace, ruwa na yayyafi. Ba ta taɓa zuwa nan ba. Ta buɗe baki ta yi mini magana.

"Baba, ƙafarshi."

Ban tsaya rufe rumfa ba. Na sunkuci matsefata da ɗan almakashin da nake gyaran gemu, munka tafi. Na ɗaga tukunyar, sheƙa cike da auduga shiɓaɓɓiya, fara tas, Kumatu na tsakiya yana jan ƙafar baya ta hagu. Na ɗauko shi na kawo bakin ƙofa wurin haske. Innalillahi. Sili ya naɗe ƙafar daga sama da tafin, ya nutse cikin nama har ba ka ganinshi sai ka buɗa gashin, tafin ya kumbura ya yi baƙi. Ya kai kwana biyu a haka, yana juyi a sheƙa yana ƙara ɗaure kanshi.

Na naɗe shi a ƙyalle na bar ƙafar waje. Malam ya haska mini da waya, amma hasken ya ƙi tsayawa wuri ɗaya. Ramlatu ta karɓe wayar ta riƙe cak. Ƙafar nan ba ta kai tsinken ashana ba. Na lalubi silin da bakin matsefata, na ɗaga, ya yi ƙara ya cije ni a yatsa har jini, ban saki ba. Na zura bakin almakashi na datse. Ashe ba ɗaya ba ne, uku ne, ɗaya kan ɗaya. Zufa na ɗiga daga gemuna cikin sanyin nan. Da na cire na ƙarshe na wanke wurin da ruwan ɗumi da ɗan gishiri, na san a raina tafin ya riga ya mutu.

Sai na ji murya daga bayana. Inna Kulu ce, ta taso da sandarta.

"Mi ya samu baƙon namu?"

Malam ya ɗaga murya don ta ji, ya ce, "Inna, wani ne ke sa mishi auduga, ita ta ɗaure mishi ƙafa."

Tsohuwa ta yi tsaye. Ta dubi audugar da na zubar a ƙasa, ta dubi ƙafar. Ta ce, "Ni ce, Sa'adu. Ɗari shike ji, na ga shina rawar jiki da asuba. Kun aje baƙo bisa tarkacen takarda kamar wanda ba a so. Wa ya hwaɗa min?"

Ba wanda ya faɗa mata. Ta duƙa da ƙyar tana tsince audugar daga ƙasa tana kakkaɓewa. Malam ya matso kusa da ni ya ce a hankali, "Ta likkafaninta ce." Ashe ranar da sunka gudo daga Birnin Tsaba, kowa ya ɗauki abin da ya iya, ita ƙullin audugar nan kawai ta ɗauka, daga gonar marigayi mijinta, tana kaɗa ta a hankali don a saƙa mata farin da za a sa ta. Ko jikokinta ba ta bari su taɓa. A ciki take gutsurowa tana shimfiɗa wa dabbar jikarta. Kunya ta rufe ni, wallahi na rasa inda zan sa fuskata. Na yi wa gida duka faɗa, na zargi yarinya, alhali laifin a wuyana yake. Na durƙusa a gabanta na ɗaga murya na yi mata bayanin da ya kamata na yi tun watanni, na jiƙa tishu da auduga na gwada mata. Ta ja silin da yatsunta, ita da ta fi ni sanin ƙarfin zare. Ta ce, "Ramlatu, ki yahe min, ƙawata." Yarinyar ta kama mata hannu ta zaunar da ita.

Da zan fita Ramlatu ta biyo ni zaure, ubanta na bayanta. Ta ce, "Baba, zai mutu?"

Malam ya yi mini ido. Na ga idon, na kauda kai. Ɓoye magana ne ya jawo mana abin da muke ciki, ban ga dalilin ƙarawa ba. Na tsuguna na ce, "Ɗiyata, zai mutu, amma in Allah ya so ba yau ba. Irinsu shekara biyu suke yi, komi gatansu. Ba mai iya ƙara mishi. Aikinmu ni da ke shi ne kada wani abu ya katse shi kafin lokacinshi." Ta dube ni, har na fara nadama. Sannan ta ce, "To a koya min duka."

Sati biyun da sunka biyo baya ban ji daɗin abinci ba. Likitar Sakkwato ta faɗi maganin da za a ba shi, abokina malamin dabbobi ya auna mana ɗigon. Munka kwashe ciyawa da yashi, munka bar shi kan tishu zalla, ana canzawa kullum. Safe da la'asar ina can ina kai hancina kusa da ƙafar, don in ta fara wari ciwo ya hau sama ke nan. Ba ta yi wari ba. Tafin ya bushe kamar ƙirare, wata safiya munka tarar ya faɗi, wurin ya rufe. Kumatu ya ci gaba da haƙa raminshi da ƙafa uku da dungu, gudunshi ma sai ka rantse ba abin da ya same shi. Mai yaga tishu kuwa tun daga lokacin Inna Kulu ce, ta ce ba wanda ya iya yaga shi da laushi sai ita, ta kuma zama 'yar sanda, ko ɗan baƙo ya zo da alewa sai ta kore shi da sanda. Ramlatu ta riƙe ruwa da abinci. In na zo da zangarniya sai ta shinshina a gabana kafin ta karɓa, ta tambaye ni rumbun wa. Surutu ya dawo kaɗan kaɗan, har Malam ya fara ƙorafin ciwon kai.

Shi ya sa in kunka kai dabba gidan mutane, ku tambaya hannu nawa ne a gidan, ku bi su ɗaya bayan ɗaya, har wanda kuke jin nauyi, shi ma ku durƙusa ku faɗa mishi. Wanda ya tsani dabba da wuya ya kusance ta. Duk asarar da na gani a gidajen mutane, mai sonta ne ya miƙa mata wani abu.

Kumatu ya ga bazara biyu bayan waccan. A ta ƙarshen gashinshi ya yi sharara, ya rage haƙa, ya koma cin kunun gero mara suga a bakin cokali. Ni kuwa tsohon tsorona ya dawo sabo, duk sallamar da anka yi a rumfar nan sai na ajiye aikina na leƙa. Na san ranar na zuwa, abin da ban sani ba shi ne ko yarinyar za ta koma gidan jiya.

Ramlatu ta zo ranar wata Lahadi da hantsi, ta yi sallama da ƙarfi, ta ƙara tsawo, da takalminta. Tana riƙe da kwalin ashana babba. Idonta ya yi ja, amma ta gaishe ni yadda ya kamata, ta tambayi zomaye. Sannan ta ce, "Baba, Kumatu ya rasu. A cikin tukunyarshi na same shi, ya naɗe kamar mai barci. Na taɓa bututu, da ruwa. Na duba ƙafafunshi, ba komi. Ba wanda ya kashe shi, ba wanda ya ƙwace shi. Lokacinshi ne ya yi."

Na ce, "Haka ne, ɗiyata. Kin kai shi."

Ta ce tana son na ara mata 'yar hauya. Kafin na miƙo ta tura kwalin ta buɗe don na gan shi. Yana kwance cikin auduga shiɓaɓɓiya, fara tas, an lulluɓe shi har wuya. Ta ga inda idona ya tsaya.

Ta ce, "Inna ce ta ba ni. Ta ce yanzu kam auduga ba ta yi mishi komi."